Lambar Wuyan Saja Ishiyaku

Barira ce ta fara jin kukan, da hantsin wata Talata a tsakiyar damina, tana tsinkar tafasa a bayan tsohuwar marinar Kafin Dada. Da fari ta ɗauka ɗan akuya ne ya faɗa rami. Da ta leƙa sai ta ga yaro ɗan shekara ɗaya da rabi a zaune cikin caɓi har ƙirji, cinnaku sun yanyame masa wuya da kunnuwa, murya ta dushe, baki kawai yake buɗewa. Ramin ya fi tsayin mutum, kuma tun da aka daina rini nan unguwa take zubar da mushe da shara. Duk wanda ya sa yaron nan a ciki ya ga hadarin da ya haɗo a gabas, ya kuma san yadda ruwa yake cika ramin marina.

Tun kafin a fito da shi aka gane shi. Ɗanjuma ne, ɗan Kubra matar Saja Ishiyaku. Kafin a gama wanke shi kuwa gari ya gama yanke hukunci, don mutanen Kafin Dada ba su da jinkiri in dai a kan mutuncin mace ne.

Dalilinsu shi ne, wata biyu da suka wuce yaron ya yi zazzaɓi har ya ɗashe, aka kai shi asibiti Birnin Kudu aka ƙara masa jini. Saja ya dawo da labari cewa an gwada, jinin yaro bai haɗu da nasa ba. Wa zai musa wa Saja? Shekara shida da gama yaƙin basasa, soja ke mulki, ga shi da ɗingishin harsashi da takalman kaki da wata 'yar lambar ƙarfe a wuya wadda aka buga rukunin jininsa a kai. Bai saki Kubra ba. Ya bar ta a gidan yana ƙin cin tuwonta, maza suna yaba masa haƙuri, mata suna tofar da yawu in ta wuce. Liman ne kaɗai ya matsa a koma a sake gwajin kafin a kashe mace da baki, har aka sa ranar Asabar mai zuwa. To ga shi kwana huɗu kafin ranar an tsinci yaro a rami. Kowa ya ce ai ta ga asirinta zai tonu, shi ya sa ta nemi kawar da shaida.

Dagaci ya sa aka tsare ta a gidansa, aka ba kakar yaron, Inna Kaltume uwar Saja, riƙonsa. Ya ce ranar Alhamis zai tura ta gaban alƙali a Gwaram. In ta tafi, kurkuku ne, yaron kuma ta rabu da shi ke nan. Amma don kada a ce bai bincika ba, sai ya aika a kira Ƙasimu Mai-sawu.

* * *

Ƙasimu tsohon maharbi ne, ya ba sittin baya, yakan bi sawun ɓarayin shanu har duwatsun Ningi ya dawo da su a ɗaure. Ba ya son taro, ba ya son surutu, abin da ya fi tsana kuma shi ne 'yan kallo. Da ya iso marina ya tarar gari duka ya tattake bakin ramin kamar an yi sussuka, ya tsaya ya tofar da tukar goro, ya ce da gardawan da ke wurin Allah ya ba su aikin yi.

Ya fita can bayan inda jama'a suka tsaya ya zagaya a hankali, kansa a sunkuye. A bakin wata gonar gero ya samu abin da yake nema. Sawun takalmin roba ne na mata, na hagu an liƙe shi da wuta a gefe. Wata mata da ta biyo shi duk da kora ta leƙa ta ce wallahi na Kubra ne, ta san liƙin. Nan take labari ya koma gari da gudu, mutane har da murna.

Shi dai ya bi sawun zuwa baya. Abu uku suka tsaya masa a rai. Na farko, a bayan kowane sawu akwai shatin dunduniya tsirara, mai faso, wato ƙafar ta fi takalmin tsawo. Na biyu, sawun dama ya fi nutsewa har tsawon taki sittin, sai mutumin ya tsaya, daga nan na hagu ya koma nutsewa. Mace da goyo nauyinta a tsakiya yake, ba ta sauya hannu. Wannan a kafaɗa ya saɓa yaron kamar buhun gishiri, ya gaji ya mayar ɗaya kafaɗar. Na uku, akwai wani kwari da ruwa ya zaizaye, mai sawun bai sauka ba, tsallake shi ya yi da ƙafa ɗaya. Mace mai zani ba ta wannan tsalle.

Namiji ne, lafiyayye, ba ya ɗingishi. Yana miƙewa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya shafe komai. Ƙasimu ya tsaya a gindin ɗorawa yana kallon ramin marina yana cika.

* * *

Ya sami Kubra a wani ɗakin ajiya cikin gidan dagaci, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ba ta yi kuka ba. Tambayar da ta fara yi masa ita ce ko yaron ya ci wani abu.

Ta gaya masa da asuba ta tashi za ta rijiya ta nemi takalmanta a bakin ƙofa ba ta gani ba, ta tafi haka nan. Ta bar yaro yana barci. Da ta dawo ba ya nan, ta ɗauka ya rarrafa ɗakin kakarsa kamar kullum, ta hau daka. Takalman kuma da hantsi ta gan su a bayan randa, a wanke tas. Ya dubi ƙafarta, 'yar ƙarama ce, ba faso ko ɗaya.

Game da asibiti ta ce ita tana ɗakin yara, ba ta ji abin da aka faɗa ba. An ce nata jinin ya yi ƙaranci ba za a ɗiba ba, can sai aka zo da kwalba aka ce an samu. Ba ta san na wane ne ba.

"Baba," ta ce, "ni ban san harshen asibiti ba. Amma na san namijin da na sani, ɗaya ne tak. In jini ya ce ba haka ba, to ban san yadda zan yi da jini ba."

Ƙasimu ya ce ta ci abinci, ya fita. A tsakar gida matan dagaci suna ta leƙe suna dariya ƙasa-ƙasa, ya ji kamar ya ɗaga sandarsa.

* * *

Saja yana zaune a zaurensa cikin takalman kaki, ƙafa ɗaya a miƙe, maza sun kewaye shi suna jajantawa. Ya ce da asubar ciwon harsashi ne ya tashi, ko masallaci bai iya zuwa ba. Ya ce shi bai so abin ya kai haka ba, ya rufa mata asiri iya ƙoƙarinsa, amma hali ba ya ɓuya. Ya kuma ba Ƙasimu shawara ya binciki Salihu direba, wanda ya kai su asibiti, don an gan shi da sassafe wajen marina.

Ƙasimu ya roƙi a nuna masa lambar da ake ta magana. Saja ya zaro ta daga wuyan riga ba tare da ya cire igiyar ba, babban yatsansa ya danne samanta, ya nuna wasu baƙaƙe biyu a ƙasa.

"A da B," ya ce. "Gwamnati ta buga. Shi kuwa yaron O aka ce. Ka ga ni ba ruwana, ilimi ne ya yi magana."

Mazan suka gyaɗa kai kamar sun san abin da ake nufi, alhali ba wanda ya taɓa riƙe allon boko a cikinsu. Ƙasimu ya zauna har ya cinye rabin goro, yana jira ya ji ko mutumin zai tambayi jikin yaro. Bai tambaya ba. Da Saja ya tashi raka shi, ya dogara sanda yana jan ƙafar dama. Mai ɗingishi haka ba zai tsallake kwari da kaya a kafaɗa ba, saboda haka Ƙasimu ya ajiye shi gefe, ko da yake ransa bai so ba.

* * *

Salihu ya kwanta ƙarƙashin motarsa a tashar Fagam, rabin jikinsa baƙin mai. Tun da aka fara ce masa uban Ɗanjuma fasinjoji suka ragu, matarsa ta yi yaji. Bai musa ba, ya ce lalle ya tsaya wajen marina ranar Talata, ruwa ya ɗiba a kududdufi ya zuba wa mota. Laifinsa a wurin Kubra kuwa bai wuce burodi da ya saya wa yaro mara lafiya ba.

Ƙasimu ya ce ya cire takalmi ya taka laka. Salihu ya taka yana zage-zage. Ƙafa ce kamar faranti, ko yatsunta ba za su shiga takalmin Kubra ba, dunduniyar kuma sumul saboda kullum tana cikin kambas. Wannan ma ya fita.

Har ya juya zai tafi sai ya tambaye shi su nawa ya ɗauka ranar asibitin. Salihu ya ce huɗu, har da Inna Kaltume. Ya ce da za su dawo tsohuwar jiri take ta yi, ta ƙi fito da hannunta daga mayafi, sai da ya tsaya a Wurno ya saya mata shayi. Sai kuma ya yi dariyar mugunta.

"Shi kuwa jarumin naku, ina zaune a benci na ga ya fito daga ɗakin gwajin jini kamar an biyo shi da wuta. Sai da ya kai bakin ƙofar asibiti ya tuna ya bar sandarsa, ya dawo ya ɗauka."

Ƙasimu ya daina taunar goro. Ya tambayi ƙarfe nawa motar za ta tashi zuwa Birnin Kudu.

* * *

Malam Iliyasu mai gwajin jini saurayi ne siriri mai tabarau. Da ya karanta takardar da dagaci ya ba Ƙasimu ya ji abin da aka yi wa yaron, sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce ya tuna su sarai. Yaron yana bakin mutuwa, ya nemi uban ya miƙo yatsa a gwada don a ɗibi jininsa. Uban ya ga allura ya ja da baya, gumi ya keto masa, ya ce shi ba a huda shi, an ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara moruwa a gida. Sai ya zaro lamba, yatsa ya danne samanta, ya ce ga jininsa nan a rubuce, a duba.

"Na duba na ga AB, yaro kuma O. Na ce masa, Saja, ɗayan biyu ne, ko wannan lamba ba jininka ne a kanta ba, ko yaron ba naka ba ne. Kawo yatsa mu raba gardama, minti biyu ne. Sai ya tashi ya fice."

Ashe rabin magana ya kai gida. Ƙasimu ya ce a yi masa bayanin abin yadda tsoho zai gane. Malam Iliyasu ya karɓi goro biyu daga aljihun tsohon, fari da ja, ya ɓare su a kan tebur. Ya ce kowane mutum kamar goro yake, ɓari biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Farin ɓari shi ne A, ja shi ne B. Ya ɗauko murafan kwalba biyu ya ce kowanne O ne, ba ya nuna kansa sai in ya haɗu da ɗan'uwansa O. Mai farin ɓari da murfi, A za a gani. Mai AB fari da ja gare shi, duk ɗan da ya haifa dole ya ba shi ɗaya daga ciki, don haka ɗansa ba zai fito O zalla ba. Mai O kuma murfi biyu gare shi, ba shi da abin bayarwa sai murfi.

Ƙasimu ya daɗe yana kallon teburin. Wannan ai sawu ne, sai dai a cikin jiki yake. Ya tambaya wa ya ba yaron jini. Malam Iliyasu ya ce kakarsa ce, bayan ɗanta ya gudu ta shigo ta rufe ƙofa ta miƙa hannu, ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa. O ce, irin na yaron, har ya ba ta katin shaidar ba da jini.

Tsohon ya tura murfi biyu gefe guda, ya tura fari da ja ɗaya gefen.

"To wannan," ya nuna murafan, "za ta iya haifar wannan?"

Malam Iliyasu ya dubi murafan. Ya ce ranar hankalinsa yana kan yaro, bai ko haɗa su ba. A'a, ba za ta iya ba. Ya ce in dagaci yana so, gobe Alhamis zai hau babur ya zo da kansa.

* * *

Da la'asar Ƙasimu ya yi sallama a ɗakin Inna Kaltume. Tana shafa wa yaron man kaɗanya a inda cinnaku suka cije shi, tana kiransa angonta, tana ce masa rago mai kukan banza. Saja ɗanta ne na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yabonsa, ba ta zama inda ake zancensa. In dole ta yi, sai ta ce wancan.

Da ya ambaci kati sai hannunta ya tsaya. Ta ce ta ɓoye ne don kada a ce ta sayar da jininta, kada kuma a ce wancan ya ji tsoron abin da tsohuwa ba ta ji ba. Ta kwance shi daga cikin wani ƙyalle a ƙasan kwalla ta miƙa masa, ta tambayi abin da ke ciki. Bai yi mata ƙarya ba, ya gaya mata duka.

Ya tambaye ta me ta gani da asubar Talata. Ta ce idonta bai ga komai ba, amsar ta fito tun kafin ya rufe baki. Ya ce ba zai matsa mata ba, amma gobe da azahar Kubra za ta hau mota zuwa Gwaram. Tsohuwar ta ci gaba da shafa mai a wurin da ta riga ta shafa.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi ƙofar gidan dagaci ta cika maƙil. An zaunar da Kubra a gefe, Salihu a tsaye ya harɗe hannu, Saja a kan kujera saboda ƙafa, Inna Kaltume can baya cikin mata da yaro a cinya. Ƙasimu ya faɗi abin da sawu ya nuna, dunduniya da sauyin kafaɗa da tsallen kwari. Ya ce namiji ne ya sa takalmin mace don a kama mace. Aka fara kallon Salihu, Ƙasimu ya ce su mayar da idonsu, ƙafarsa ba ta shiga.

Malam Iliyasu ya tashi ya maimaita maganar da ya yi wa Saja a asibiti, wannan karon cikakkiya, ya ce ga allura ya zo da ita. Saja ya buga sanda a ƙasa ya ce jinin soja na gwamnati ne, wanda ya taɓa shi ba da izinin bariki ba zai kwana a gadurum, kurkukun soja. Dagaci ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Lokacin ba a wasa da kaki, ko da tsoho ne ya koɗe.

Ƙasimu ya ce to a bar allura. Ya durƙusa ya jera ɓarin goro da murafan kwalba a kan tabarma, aka yi wa jama'a bayani sau biyu har liman ya ce ya gane. Ya tambayi Saja ko ya yarda da wannan hisabi. Saja ya ce ai shi ya kawo shi garin. Sai Ƙasimu ya zaro katin ya miƙa wa magatakardan dagaci, aka karanta sunan Inna Kaltume da rukuninta da ranar da ta ba jikanta jini.

"Hisabin da ya ce mai AB ba ya haifar mai O," in ji Ƙasimu, "shi ne ya ce mai O ba ta haifar mai AB. Saja, ko dai lambar wuyanka ba taka ba ce, ko Inna ba ita ta haife ka ba. Zaɓi ɗaya mu ji."

Ƙasimu ya yi zaton mutumin zai sunkuya ya yi kuka, don ya ga ɓarayin shanu masu taurin rai sun karye a kan abin da bai kai wannan ba. Saja ya dafe lambar ta saman riga, ya dubi jama'a, ya lashi leɓe.

"To wa ya sani?" ya ce. "Ni dai na tashi na gan ni a hannunta. Ƙila riƙona aka ba ta. Ƙila ma tsinto ni ta yi."

Tir da wannan baki. Ƙasimu ya ji goron da ke bakinsa ya koma ɗaci, ya juya ya tofar. Liman ya rufe fuska da hannun riga.

Inna Kaltume ta miƙa yaron ga Barira ta tashi. Mata suka dare mata hanya. Ta zo har gaban kujerar ta tsaya.

"Ishiyaku," ta ce.

Shekara talatin da uku ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, har tsofaffin wurin suka kau da kai don kunya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kwana uku ta yi tana naƙudarsa a gidan ubanta a Fagam, ungozomar tana nan da rai. Ta ce da asubar Talata tana alwala ta gan shi ya shigo ba sanda, yana tafiya da ƙafa biyu lafiya lau, takalman matarsa a hannu, ya tsuguna ya wanke su a bayan randa. Ta yi shiru kwana biyu don ta haife shi, Allah ya yafe mata shirun. Sai ta sa hannu ta fizge igiyar daga wuyansa, ta jefa wa magatakarda.

Magatakarda ya goge inda yatsa ya saba dannewa, ya kai kusa da ido. Ya ce sunan da ke jiki Bitrus ne.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Saja bai taɓa riƙe bindiga ba. Wanki yake yi wa sojoji a bakin wani bariki a Makurɗi, a aljihun wata riga da mai ita bai dawo ba ya tsinci lambar. Ya iso gida da ita da takalma, aka ce masa Saja, ya ji daɗi, ya ƙaro ɗingishi. Ya ce in aka koma asibiti ranar Asabar dole a huda shi, gari duka ya san ƙarya yake. Ya faɗi wannan yana kallon mutane kamar yana jira a ce masa ai kuwa da dalili. Wato tun ranar farko ya san yaron nasa ne. Ya sani lokacin da ake tofa wa matarsa yawu, ya sani lokacin da ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi marina.

Dogarai suka ɗaga shi daga kujera, ya tafi tsakaninsu ba ko ɗingishi a ƙafar. Matan da suka yi wata biyu suna tofi suka fara matsowa wajen Kubra da sannu da Allah sarki, ita ko kallonsu ba ta yi ba. Malam Iliyasu ya ce a dakata da mutumin minti biyu, yanzu ba bariki ba gadurum, a huda yatsansa a rubuta a takarda cewa yaro nasa ne, bakin kowa ya mutu. Dagaci ya ce wannan daidai ne.

Sai Kubra ta yi magana, karo na farko tun da aka zauna.

"Malam, a bar masa jininsa. Ranar da yaro yake mutuwa ya hana shi, yau ba mu so."

Liman ya ce mata ai ko ba gwaji, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne, ba mai canza wannan. Ta ce ta sani, shi ya sa take tsoro. Kurkuku ba ta dawwama. Wata rana zai fito, ya zo ƙofar gidan ubanta ya ce an yaye masa ɗa, a ba shi, kuma a ba shi ɗin.

"Abin da nake so a rubuta, ranka ya daɗe, shi ne abin da ya yi da hannunsa da abin da ya faɗa da bakinsa. A kai wa alƙali, a raba ni da shi, a kuma ce yaron nan ba zai ƙara kwana a hannunsa ba ko sau ɗaya."

Dagaci ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai, magatakarda ya rubuta. Da ya gama ya ɗaga kai ya tambaya wa zai dangwala a matsayin shaida. Mazan da suka cika zauren Saja shekaranjiya duk suka shiga duban ƙasa. Ƙasimu ya yunƙura zai tashi, amma Inna Kaltume ta riga shi. Ta tsoma babban yatsa a tawada ta danna a kan takardar da za ta ɗaure ɗanta, ta goge a gefen zani. Ta karɓi yaron daga hannun Barira ta ɗora shi a bayan uwarsa, ita da kanta ta ɗaure majanyin, ta ce su tafi kafin hadari ya taso.